Gyambon baki da ya ƙi warkewa: jinyar ɗan uwanmu mai shayi



A wajenmu ciwon baki ba a lissafa shi cikin ciwo. Mutum ya wayi gari da ƙurji a leɓe ko a gefen harshe, sai a ce zafi ne ya yi masa yawa, ko zazzaɓin dare ne ya fito masa a baki. A kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa zuma, shi ke nan. Kuma mafi yawan lokuta hakan na isa, domin irin waɗannan ƙananan gyambuna suna warkewa da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma akwai wani iri da ba ya tafiya haka. Shi ne ya kama ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, kuma yau wata goma sha takwas ke nan muna bin layin asibiti tare da shi. Mutane da yawa sun tambaye mu abin da ke damunsa, wasu don tausayi, wasu don sun ji maganganu a gari. Ya ba mu izini mu rubuta, da sharaɗin ba za mu ambaci sunansa ba.

Mai shayi ne, ya ɗan haura shekara hamsin, ya fi shekara ashirin a nan Legas. Iyalinsa suna gida Arewa, shi kuma yana kwana a ɗaki ɗaya da 'yan garinsu huɗu. Abin ya fara masa a cikin kumatu da dasashi. Bororo ne ke tasowa, mai laushi, kafin awa ɗaya ya fashe, ya bar wuri ja wur kamar an ɗaye fata. Kafin wannan ya rufe wani ya buɗe. Ya je kemis aka ba shi maganin ƙwayoyin cuta, ya sha bai ga canji ba. Aka sauya masa wani, aka haɗa da maganin ƙura-ƙuran baki na yara, aka ƙara da bitamin. Wani ƙaramin asibitin kuɗi ya yi masa allurar taifot har kwana biyar. Daga gida kuma aka aiko da sassaƙe da garin magani na kurkure baki. Wata bakwai aka yi a haka.

A cikin wata bakwan nan mutumin da ke sayar wa mutane abin karyawa ya kasa cin burodi. Tuwo ya gagara, shinkafa ta gagara, har ruwan shayin da yake dafawa sai ya huce sarai yake iya kurɓa. Ya rame ƙwarai. Magana ta zame masa wahala, yawu na zuba, da safe ya tarar da jini a matashin kai. Ciwon ya sauka maƙogwaro har muryarsa ta dushe. Daga baya bororon ya fito a kai da ƙirji da baya, riga na manne masa a jiki.

Kun san abin da mutane ke cewa idan suka ga rama da gyambon baki tare. Ba wanda ya faɗa masa a ido, amma benci ya fara zama ba kowa. Masu zuwa shan shayi da asuba suka koma teburin gaba. A ɗaki aka ware masa kofi da kwano. Wasu suka ce ƙanjamau ce, wasu suka ce sammu ne aka yi masa don a raba shi da wurin sana'arsa. An yi masa awon ƙanjamau sau biyu, babu ita, amma takardar awo ba ta bin mutane gida-gida ta goge abin da suka riga suka ji.

Shugabanmu ne ya kira mu bayan sallar Juma'a ya ce, "Sakatare, ku ɗauki bawan Allahn nan ku kai shi asibitin koyarwa, kada ku tsaya a ƙananan wurare. Ku da kuke jin Turanci ku shiga da shi, ku yi masa tafinta." Muka ce, "To, ranka ya daɗe." Da yake ciwon a baki ya fi tsanani, aka tura mu ɓangaren haƙori. A nan muka san cewa likitocin haƙori ba cire haƙori kaɗai suke yi ba, akwai waɗanda ƙwarewarsu cututtukan cikin baki ce. Likitar da ta duba shi ta sa safar hannu ta ɗan murza wani wuri a fatarsa da ke kama da lafiyayye kusa da gyambon, sai saman fatar ya saɓule. Ta dube mu ta ce tana zargin wata cuta, amma ba za ta sa mata suna ba sai an yanki ɗan nama an auna.

Jin an ce yanka, hankalinsa ya tashi. Ya ce, "Malam, gaya mata ni dai a ba ni magani." Ashe abin bai kai ƙwayar wake ba. Aka kashe wurin da allura, aka ɗauki ɗan tsoka daga gefen gyambon, aka yi ɗinki biyu. Akwai awo na biyu da ake yi wa naman da ke kusa da ciwon, a zuba masa wani sinadari mai ƙyalli a duba a madubin likita, da kuma awon jini da ke nuna yawan sojojin da ke kai harin. Waɗannan ba kowane asibiti ke yin su ba, wani lokaci sai an aika wani ɗakin awo, kuma kuɗinsu daban ne. Bayan mako uku sakamako ya fito: femfigus.

Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta bororo. Ga yadda muka fahimci bayanin, kuma haka muka mayar masa da Hausa. Fatar cikin baki da ta jiki kamar ginin bulo ce, akwai abin da ke riƙe bulo da bulo kamar siminti. Likitoci na kiran wannan abin desmogilin. Garkuwar jiki kuma aikinta gadi ne, ta kori baƙin ƙwayoyin cuta. A wannan cuta maigadin ne ya juya kan gidan da yake gadi, yana ƙwaƙule simintin. Bulo ya rabu da bulo, ruwa ya taru a tsakani, bororo ya tashi, ya fashe. Tun 1964 wasu masu bincike a Amurka suka gano waɗannan sojojin garkuwa a jinin masu cutar. Shi ya sa duk maganin ƙwayoyin cuta da ya sha bai yi komai ba: babu wata ƙwayar cuta da ta shigo daga waje balle a kashe ta.

Abin da muka fi son kowa ya riƙe shi ne wannan: ba a ɗaukar ta. Ba ta bin kofi, ba ta bin kwano, ba ta bin musabaha, ba ta bin kwanciyar aure. Ba ƙanjamau ba ce, ba kuma kansa ba ce. Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, maza da mata, kuma a mafi yawan masu ita a baki take farawa, ta yi watanni a can kafin ta fito a fata. Ranar da muka dawo da sakamakon, limaminmu ya je ɗakin da kansa, ya ɗauki kofin da aka ware ya sha ruwa da shi a gaban kowa. Wannan ya fi duk bayanin da muka yi aiki.

Amma kada jin ba a ɗaukar ta ya sa a raina ta. Kafin a samu magungunan sitiroyid a wajajen 1950, mafi yawan masu wannan cuta mutuwa suke yi, saboda fatar da ta buɗe tana zubar da ruwan jiki, ƙwayoyin cuta na samun ƙofa, ga yunwa don baki ya hana ci. Yau da magani yawancinsu suna rayuwa, suna komawa sana'a. Sai dai maganin shi ma yana da nasa haƙoran.

Ginshiƙin maganin ƙwaya ce mai suna firednisolon. Da nauyin mutum ake lissafa ta, yawanci kusan miligiram 1 ga kowane kilo a rana idan ciwon ya yi tsanani. Shi lokacin ya dawo kilo 60, sai aka sa masa miligiram 60, wato ƙananan ƙwayoyi 12 masu miligiram 5 kowace safiya bayan ya sa wani abu a ciki. Da ya ga tarin ƙwayoyin a tafin hannunsa sai ya ce ko dai mun yi kuskuren fassara ne. Muka koma muka sake tambaya a gabansa, likita ta rubuta masa a takarda. Cikin mako biyu sabon bororo ya daina fitowa. Fatar jiki ta riga baki warkewa, kuma an gaya mana haka abin yake, baki ne ke jan ƙafa. A wata na biyu ya ci tuwon shinkafa da miyar kuɓewa marar yaji, ya kira mu a waya don kawai ya faɗa mana.

Wannan ƙwaya dai 'yar uwar wadda wasu ke saye a kasuwa ce don su yi ƙiba, wadda ake ce wa sha ka fashe, kuma irin sinadarin ne ke cikin wasu mayukan bilicin. Mun ga abin da take yi ko a hannun likita. Fuskarsa ta kumbura ta yi zagaye, barci ya ƙaurace masa, ga saurin fushi wanda ba halinsa ba ne. Sugansa ya hau har aka ƙara masa maganin suga na ɗan lokaci. Ana auna masa hawan jini duk zuwa. An ba shi maganin kare ciki da na ƙarfafa ƙashi, don doguwar sha tana cinye ƙashi, tana iya kawo yanar ido. Sau ɗaya farin abu kamar dusa ya rufe masa harshe, ya tsorata ya ce ciwon ne ya dawo, ashe naman gwari ne da ke samun dama idan an danne garkuwa, aka ba shi maganin kurkurawa ya tafi. Don haka wanda ya karanta wannan ya tafi kemis ya sayi firednisolon saboda yana da gyambo a baki, ya jawo wa kansa abin da ya fi gyambon. Ban da haka ma, shan ta kafin a yi awo na iya ɓata sakamakon.

Saboda waɗannan illoli ba a barin mutum a kan babban adadi. Da zarar ciwo ya lafa sai a fara ragewa a hankali, wata bayan wata, a haɗa da wani magani da zai ɗauke mata rabin kaya. Shi azatiyofirin aka ba shi, wanda ke buƙatar awon jini da na hanta a kai a kai. Akwai wani mai suna maikofenolet, ya fi tsada, kuma 'yan uwa mata su lura, yana illata jaririn ciki, dole mace ta gaya wa likita idan tana da ciki ko tana nema. A cikin bakin kuma akwai maganin shafawa da na kurkurawa da ake riƙewa 'yan mintuna a tofar, da wani da ke kashe zafi kafin cin abinci.

Sai babbar Sallah ta zo ya tafi gida. Baki ya warke, ya yi ƙiba, kowa na cewa ai lafiya ta samu. Ƙwayoyi suka ƙare a can, wani dattijo a gidan ya ce yawan shan maganin Bature shi ma ciwo ne. Ya bari. Bai yi mako ba jiki ya saki, ga jiri, ga amai, ko tsayuwa ba ya iyawa. Wanda ya daɗe yana shan wannan ƙwaya, jikinsa yana rage yin irin nasa sinadarin, idan aka yanke ta rana ɗaya jinin mutum na iya faɗuwa har ya rasa ransa. Allah Ya sa ƙaninsa ya kira mu, muka karanta masa sunan maganin daga kwafin katin da ke hannunmu, suka kai shi asibiti aka mayar da shi kai. Amma bakin ya sake fashewa, aka koma kusan inda aka faro. Tun daga nan duk wanda zai yi tafiya cikin masu doguwar jinya a ƙungiyar nan, sai mun ga maganin da zai ishe shi har ya dawo, da hoton takardar likita a wayarsa da ta wani ɗan uwansa.

Bayan wannan dawowar ne likitan fata ya kawo maganar ritukzimab. Magani ne da ake sawa ta ƙarin ruwa, an fara amfani da shi a 1997 don wani nau'in kansar jini, daga baya aka gane yana aiki a nan, domin yana rage ƙwayoyin jinin da ke ƙera waɗancan sojoji masu cin gida. A 2017 likitocin Faransa suka fitar da sakamakon gwaji a kan marasa lafiya 90. Cikin waɗanda aka ba ritukzimab tare da sitiroyid na ɗan gajeren lokaci, kashi 89 cikin ɗari a ƙarshen shekara biyu ba su da ciwo kuma sun daina shan magani, a ɓangaren masu sitiroyid kaɗai kuwa kashi 34 ne. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cuta. Ana sa miligiram 1000 sau biyu, mako biyu tsakani, daga baya a ƙara ƙaramin adadi. Kafin a sa dole a yi awon ciwon hanta nau'in B, wanda ke da yawa a cikinmu ba tare da mutum ya sani ba, domin maganin na iya tayar da shi daga barci ya lalata hanta. Ana kuma duba tarin fuka. Nasa awon ya fito lafiya.

Matsalar kuɗi ce. Kwalba ɗaya ta fi abin da teburin shayi ke kawowa a watanni masu yawa, kuma farashin na bin dala. A nan aka yi muhawara mai zafi a taronmu, kuma ba mu ga laifin kowane ɓangare ba. Asusun taimakonmu an gina shi ne don abin da ke zuwa sau ɗaya ya wuce: rasuwa da kai gawa gida, haɗarin mota, gobarar shago, belin wanda aka kama ba da laifi ba. Ma'ajinmu ya ce, "Idan muka zuba rabin asusu a kan mutum ɗaya, gobe aka yi mana rasuwa biyu, da me za mu tashi?" Wani dattijo ya amsa masa cewa kuɗin motar kai gawa Arewa kullum ana samunsu cikin awa uku, ashe na hana gawar ne ke wuyar samu. Namu ra'ayin, wanda muka faɗa a taron, shi ne lissafin ya wuce farashin kwalba. A haɗa kuɗin ƙwayoyi na shekara da shekaru, da awo duk wata, da maganin suga, da kwanakin da tebur ke rufe, sai a ga mai arhar ba lallai ne ya fi arha ba.

A bencin jiran likita mun haɗu da wata tsohuwa Bayarabiya da 'yarta ke kawowa. Tata cutar 'yar uwar tasa ce, femfigoyid mai kama fatar cikin baki da ido da sauran wurare masu damshi. A tata ba bulo da bulo ke rabuwa ba, saman fatar ne gaba ɗaya ke ɗagowa daga abin da ke ƙasa, kamar filasta ta bar bango. Ta fi kama tsofaffi, musamman mata, kuma sau da yawa dasashi ne ke yin ja yana saɓulewa idan an goge baki. Haɗarinta tabo ne. Idan ta shiga ido, fatar cikin ido na mannewa da ƙwayar idon, gashin ido ya juya ciki yana gogar ta, a hankali gani ya tafi, kuma tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa. Tsohuwar ta yi shekara tana ɗiga maganin jan ido kafin a gane. Don haka mai gyambon baki da ya daɗe, idan ya ji ido na masa kamar da yashi a ciki, ko ya ga ja da ya ƙi tafiya, ya nemi likitan ido ko da ba a tura shi ba. Haka ma dushewar murya, wahalar haɗiya, ɓawo da jini a hanci, ko gyambo a al'aura, duk a faɗa wa likita, kunya ba ta da wuri a nan. Ɗaya daga cikin magungunanta shi ne dafson, wanda aka sani a maganin kuturta, kuma ba a fara shi sai an yi awon G6PD, domin maza da yawa a ƙasar nan suna da ƙarancin wannan sinadari a jini, dafson kuwa na iya fasa musu jajayen ƙwayoyin jini.

Akwai kuma wanda bai kamata a haɗa da waɗannan ba. Idan mutum ya sha wani magani, misali Septrin ko Fansidar ko wasu magungunan farfaɗiya, cikin 'yan kwanaki ko makonni sai zazzaɓi ya rufe shi, leɓe da baki da ido suka fashe lokaci ɗaya, fata ta fara saɓulewa, wannan na gaggawa ne. A dakatar da maganin, a kai shi asibiti a ranar, a tafi da kwalin.

Kan abinci, abin da ya rayar da shi a watannin wahala shi ne kunun gyaɗa, koko, fura da nono da aka dama sosai, faten dankali, dafaffen ƙwai da ayaba. Yaji, kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, soyayyen abu mai kaifi, lemon tsami da abu mai zafi, duk ya ajiye su. Goro ma ya tafi, kuma ya ce wannan ya fi kewa. Asuwaki mai tauri ya koma buroshi mai laushi irin na yara. Barin wanke baki saboda zafi na ƙara lalata dasashi, don haka a wanke a hankali, kada a bari. Da azumi ya zo likita ta ce bana kada ya yi, ya tambayi malam, malam ya ce rangwamen mara lafiya nasa ne.

Abin da taro ya tsayar shi ne ba za a taɓa asusun rasuwa ba. An buɗe wani daban na masu doguwar jinya, kowane ɗan ƙungiya zai riƙa sa abin da ya sawwaƙa duk wata, kuma za mu riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a taron ƙarshen wata. 'Yan kasuwar shanu da na gwari sun kawo nasu gudummawar, wata Hajiya mai abinci ta ɗauki nauyin awon jininsa na wata shida. An sa masa ƙarin ruwan farko da na biyu. Yanzu firednisolon ta sauko zuwa ƙwaya biyu a rana, saura wuri ɗaya a bayan kumatu da bai gama rufewa ba. Ya buɗe tebur, amma da safe kaɗai, ɗan ɗakinsu ke riƙe masa na dare. Likita ta ce ba za ta yi masa alkawarin ciwon ba zai dawo ba, za a ci gaba da bibiya.

Tun da labarin ya bazu mutum uku sun same mu da ciwon baki da ya wuce mako uku. Mun raka biyu asibiti: ɗaya haƙori ne mai kaifi ke yankar masa harshe, ɗayar kuma ana jiran sakamakon awonta. Na ukun ya ce sai ya gama sayar da kayan da ya kawo. Wanda yake kusa da shi ya taya mu yi masa magana. Mai son rakiya ko tafinta ya samu Sakatare a ofis bayan la'asar, ya zo da duk kwalayen maganin da ya taɓa sha.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Sakatare